Na daina shan maganin damuwa, yanzu jiri da wani abu kamar shokin sun hana ni sakat

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya taɓa shiga irin wannan halin ko yake da sani a kai. Bayan haihuwata ta biyu na shiga wani irin ƙunci, ba bacci ba cin abinci sai kuka, har ta kai ko yaron bana son a miƙo min, daga ƙarshe yayata ta kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa ya ce ciwon damuwa ne ya ɗora ni a kan paroxetine, miligiram 20 kullum da safe. Alhamdulillah na samu sauƙi sosai, na dawo kamar da, na fi shekara ina sha.

To satin da ya wuce maganin ya ƙare, kuɗinsa kuma kun san yadda komai ya koma tun 2023, ga shi dama a gida ana ta ce min wai har yaushe zan yi ta haɗiyar ƙwaya, kar na zama 'yar ƙwaya, ni ma kuma ina jin garau nake, sai kawai ban sake siya ba. Ranar farko lafiya lau. Daga nan fa abu ya fara. Jiri nake ji kamar ƙasa na juyawa da ni, tashin zuciya, zufa cikin dare har sai na canja riga, ga wasu irin mafarkai masu tsawo masu ban tsoro da nake tashi na rasa ko a farke nake. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wani abu da ke yi min zirrr a cikin kai, kamar wutar lantarki ta ja ni na ɗan daƙiƙa ɗaya, musamman in na juya ido ko na waiga da sauri. Sannan abu kaɗan sai faɗa, jiya 'yata ta zubar da shayi na yi mata tsawar da ni kaina na tsorata, na koma ɗaki na yi ta kuka.

Na je kemis ɗin unguwa an ba ni maganin maleriya na shanye babu canji, na yi gwajin taifot ma, ba a ga komai ba. Surukata ta ce iska ce a nemo mai ruƙya. Maigida kuma ya ce ciwon ne ya dawo.

Tambayata ita ce, ciwon ne da gaske ya dawo ko rashin maganin ne? In rashin maganin ne kenan na kamu da shi kamar masu shaye-shaye? Na daure har ya wuce ko na koma sha? Wallahi tsoro nake ji kar ace hauka ce take son kama ni.


'Yar Barnawa:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ina karanta saƙonki jikina ya yi sanyi don duk abin da kika lissafa babu wanda ban gani ba, ni nawa venlafaxine ne, kuma ba hauka ba ce, ki fara cire wannan daga ranki tukuna.

Wannan zirrr ɗin na san shi sarai. Ni a sallah ya fi kama ni, in na zo sallama na juya kai dama sai na ji shi, na juya hagu ya sake, har na koma yin sallamar a hankali ido a rufe. Ruku'u kuwa sai na dafa bango kafin na ɗago. Na daɗe ban gaya wa kowa ba saboda ban san ma yadda zan kwatanta shi ba, ka ce wa mutum wuta na janka a cikin kai ai kallon wani iri zai maka. Da na faɗa wa likitana ko mamaki bai yi ba, ya ce sananne ne ga masu daina irin wannan maganin, kuma ba alamar farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki ba ne.

Abin da aka yi min shi ne aka mayar da ni kan adadin da nake sha a da, cikin 'yan kwanaki komai ya lafa kamar ba a yi ba, sai da na zauna daidai sannan muka fara ragewa kaɗan kaɗan, ya ɗauke ni watanni. Kuma ko da hakan duk sanda aka rage sai na ɗan ji jiki na kamar sati, amma wanda zan iya ɗauka ne ina aikina.

Abubuwan da suka taimake ni a lokacin, na farko na samu ƙaramin littafi na ajiye kusa da filo, kullum da dare in rubuta nawa na sha da abin da na ji, ko layi biyu ne. Amfaninsa shi ne in ranar ta yi muni sai ki ga kamar tun farko haka kike kuma haka za ki dawwama, amma in kika buɗe baya sai ki ga ashe wancan karon ma haka aka yi kuma ya wuce. Likitan ma da shi yake duba ko mu rage ko mu tsaya. Tashin zuciya kuwa shayin citta da cin abinci kaɗan kaɗan maimakon cika ciki, kunu ko koko da safe, kar ki zauna da yunwa don jirin ƙaruwa yake. Ki sha ruwa sosai tunda kina zufa. In za ki tashi daga kwance ki fara zama tukuna. Na daina tuƙi gaba ɗaya a kwanakin da jirin ke da ƙarfi, ke ma in kina tuƙi ko kina goya yaro ki sauka bene ki kula. Kofi da shayi mai kauri da yamma na bar su saboda baccin.

Maganar faɗa kuma, ki zaunar da maigida ki gaya masa cewa kwanakin nan zuciyata a kusa take kuma ba yin kaina ba ne, in da hali a samu wata ta zo ta tayaki da yaran. Ni ƙanwata ce ta dawo gidana. 'Yarki kuma ki rungume ta ki ce mama ba ta da lafiya ne, yara suna ganewa fiye da yadda muke zato.


Mai Famasi:

Hajiya sannu da jiki. Ni aikin harhaɗa magunguna nake yi, ba likitanki ba ne kuma ban duba ki ba, amma abin da kika faɗa ya yi daidai da abin da muke gani ga wanda ya yanke irin wannan maganin lokaci ɗaya, kuma paroxetine da venlafaxine su ne kan gaba wajen yin hakan. Dalili shi ne ba sa daɗewa a jiki. Paroxetine cikin kamar awa 21 rabinsa ya fita daga jini, venlafaxine ma ya fi shi sauri, kamar awa 5, shi ya sa wasu ko mantawa suka yi da shan na rana ɗaya sai su fara jin jiri. Fluoxetine kuwa, wanda shi ma maganin damuwa ne, yana kwanaki kafin rabinsa ya fita, abin da yake rikiɗa ya koma a jiki ma yana kai sati ɗaya zuwa biyu, don haka shi da kansa yake janyewa a hankali, ba a cika shan wahala da shi ba. Ƙwaƙwalwarki ta shekara tana aiki da maganin a jiki, ta daidaita kanta a kan haka, sai aka wayi gari cikin 'yan kwanaki babu shi, tana buƙatar lokaci kafin ta sake daidaitawa.

Yadda ake bambance shi da dawowar ciwon, duba lokaci. Alamomin daina magani suna zuwa ne da wuri, yawanci cikin kwana 2 zuwa 4, shi kuwa ciwon damuwa in zai dawo a hankali yake lallaɓowa, makonni ko watanni. Sannan duba irin alamomin, lokacin da kika fara ciwon bayan haihuwa kin ji shokin a kai? Kin yi jiri da zufa? Daga bayaninki ba ki yi ba, sababbi ne. Na uku in aka mayar da mutum kan maganin waɗannan alamomin kan lafa cikin 'yan kwanaki, alhali maganin damuwa in ciwon yake yaƙa sai ya ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Kuka da saurin fushi da fargaba ana samunsu a duka biyun, nan ne mutane ke rikicewa, har da ma'aikatan lafiya wani lokacin.

Maganar ko kin zama 'yar ƙwaya, a'a. Mai shaye-shaye yana jin ƙawar abin, yana neman maye, yana ƙara yawa kullum don ya ji yadda yake ji da, yana iya saida kayansa a kai. Ke shekara guda kina shan ƙwaya ɗaya ba ki taɓa ƙarawa ba, da ya ƙare ma ba ki nema ba. Jikinki ne ya saba, kuma haka wasu magungunan hawan jini suke, ba a yanke su farat ɗaya.

Ba kowa abin ke kamawa ba. Wani babban nazari da ya fito a mujallar Lancet Psychiatry a 2024 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin 100 na masu dainawa ne ke samun alamomin da za a ce daina maganin ne ya kawo su, kusan kashi 3 kuma nasu ya yi tsanani. Akwai masu binciken da ke ganin adadin ya fi haka sosai musamman ga waɗanda suka daɗe suna sha, har yanzu ana muhawara. Abin da ba a musu a kai shi ne a da ana gaya wa mutane abin ɗan kaɗan ne sati ɗaya ko biyu ya wuce, sai a 2019 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila ta gyara bayaninta ta yarda cewa ga wasu yana yin tsanani kuma yana iya kai watanni.

Shawarata ki koma wajen likitan da ya rubuta miki cikin satin nan, kar ki jira ranar da aka ba ki. Tunda ba ki daɗe da dainawa ba mai yiwuwa ya mayar da ke kan maganin, in kin daidaita sai a tsara ragewa. Yawanci ana rage wani kaso na abin da mutum ke sha a lokacin, rabi ko kwata, a jira sati 2 zuwa 4 a gani, wanda ya sha wahala kuma ana rage masa ƙasa da haka. Inda nake so ki riƙe da kyau shi ne ƙarshen. Mutane na ɗauka in sun sauko daga 20 zuwa 10 zuwa 5 to sauran ba komai ba ne sai su yar, alhali nan ne ya fi wuya. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna adadin da aka saba sha na irin waɗannan magungunan yana toshe kusan kashi 80 na hanyoyin da yake aiki a kansu, in ka raba ƙwayar biyu ba ya komawa 40, kaɗan yake sauka, ƙaramin adadi ma yana riƙe da kaso mai yawa. Tsani ne da matakalarsa ta ƙarshe ta fi kowacce nisa da ƙasa, don haka a ƙasan ake ƙara sassautawa.

Kuma dan Allah kar ki yi dabarar sha yau a tsallake gobe, da paroxetine wannan hawa da sauka kawai yake sa jini ya yi ta yi, kullum kina cikin alamomin.

In kuwa kika ji tunanin kashe kanki ko cutar da yaran ya zo miki, ko kika kasa zama waje ɗaya sai safa da marwa jiki na azalzalarki, ko kwanaki a jere babu bacci sam, ko kika fara ji ko ganin abin da wasu ba sa gani, wannan ba na jira ba ne, a ranar ki gaya wa maigida ku tafi asibiti. In a Kano kike akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai nasu.


Abu Hanan:

Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai gaskiya ra'ayina ya ɗan bambanta. Na sha amitriptyline wata da watanni, da na ji sauƙi na ajiye, ciwon kai da rashin bacci na ɗan yi na kwana biyu shikenan. Tunda har kin yi sati ba ki sha ba ai kin ci rabin wahalar, in kika koma kin dawo farko kenan, ga kuɗi kuma, mutum na fama da abin sawa a tukunya ina zai iya da magani duk wata. Ki daure ki riƙe azkar na safe da yamma, ki yi ta karanta Falaƙi da Nasi kafin ki kwanta saboda mafarkan, ki ringa fita tattaki da yamma kina shan iska, ki rage zama ke kaɗai a ɗaki. In baccin ya gagara akwai 'yan ƙwayoyin bacci da ake samu a kemis, ki sha na kwana biyu. Ni ban ce kar a je asibiti ba amma wani lokacin mu muke tsorata kanmu.


Anti Nas:

Malam Abu Hanan azkar da tattaki da rage kaɗaici duk na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ni ma abin da nake gaya wa marasa lafiyarmu kenan, addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, in surukarta ta kawo mai ruƙya ya yi karatu babu laifi matuƙar ba zai ce ta bar asibiti ba ko ya ba ta wani haɗin sha da ba a san me ke ciki ba. Amma maganar ƙwayar bacci daga kemis ka janye ta dan Allah. Waɗanda ake miƙa wa mutane ɗin nan diazepam ne ko Lexotan, su ne fa ainihin masu kama mutum, sati kaɗan jiki ya saba kuma fita daga cikinsu ya fi wannan da take ciki wahala da haɗari. Ana cewa kwana biyu, mai rashin bacci in ya samu abin da ya sa shi bacci ba ya tsayawa a kwana biyu. Tramadol ma haka, wasu na ba da shi wai don ciwon jiki da kasala, alhali haɗa shi da paroxetine na iya jawo jijjiga da wata matsala mai haɗari ta zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. In ciwon kai ne paracetamol ya isa.

Sannan naka ya zo da sauƙi Alhamdulillah, mutane da yawa haka ne, amma ita tana gaya maka ba ta iya tsayuwa sosai ga ƙananan yara biyu a hannu, babu wanda zai iya ce mata ga ranar da zai wuce, wata sati biyu wata wata uku. Kuma akwai abin da ba a taɓo ba, ko dainawar ma lokacinta ya yi? Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan mutum ya warke, wanda ciwon ya taɓa dawo masa kuma ya fi haka. Ita ta wuce wata shidan daga bayaninta, mai yiwuwa likitan da kansa zai ce to mu fara sauka, ka ga an samu abin da 'yan gida ke so ba tare da wannan azabar ba.

Maman Biyu ki tafi da maigidan asibitin ya ji da kunnensa, maza sun fi yarda in likita ne ya faɗa.


Maman Biyu:

Na gode ƙwarai Allah ya saka muku da alheri, wallahi tun da na karanta amsar 'Yar Barnawa na ji wani nauyi ya sauka, ni ma a sallama yake min ban ma iya faɗa ba. Na nuna wa maigida abin da Mai Famasi ya rubuta ya yi shiru, sai ya ce mu je. Mun ga likitan ɗazu, ya ce rashin maganin ne, ya mayar da ni kan 20 ɗin, ya ce in dawo bayan wata ɗaya in komai ya zauna mu fara ragewa. Na sha tun rana, jirin yana nan tukuna. Malam Abu Hanan na gode da tunatarwar azkar ina yi.

Abu biyu na manta ban tambaye shi ba saboda layi. Ina da ramuwar azumi da yawa tun na goyo, ya zan yi da shan maganin? Na biyu muna tunanin ƙara haihuwa nan gaba kaɗan.


Mai Famasi:

Madalla Hajiya. Ki ba shi 'yan kwanaki, in sati ya zagayo jirin da shokin ɗin ba su ragu ba ki koma ki faɗa.

Azumi ba ya hana shan shi tunda sau ɗaya ne a rana, sai ki mayar da shi lokacin sahur, ki sha bayan kin ci abinci, kullum a lokaci ɗaya har ranakun da ba kya azumin, kar yau asuba gobe la'asar. Amma ni da za ki ji tawa ki bar ramuwar sai jirin ya tafi, yunwa da ƙishirwa za su ƙara miki shi, kuma kar ki haɗa farkon rage magani da ranakun azumi don in wani abu ya taso ba za a gane wanne ya kawo shi ba.

Maganar haihuwa kuwa ki tabbata kin gaya wa likitan a zuwanki na gaba, tana da muhimmanci, don paroxetine na cikin waɗanda ake kauce wa a farkon ciki saboda an danganta shi da ɗan ƙarin haɗarin matsalar zuciya ga jariri, kuma tunda ciwonki bayan haihuwa ya taso akwai yiwuwar ya sake tasowa a wata haihuwar, don haka gara a shirya tun kafin cikin, ko a gama sauke ki ko a canja miki wani kamar sertraline. In kuma cikin ya riga ya shiga ba ki sani ba kar ki yanke maganin da kanki, ki je a ranar da kika gano.

Batun kuɗi kuma ki tambayi mai famasi ya ba ki wanda ba na babban kamfani ba mai lambar NAFDAC, sinadarin ɗaya ne kuma ya fi araha, ki ringa siyan na gaba tun saura kamar ƙwaya bakwai a hannunki. In an zo ragewa ƙwayar 20 ɗin yawanci tana da tsaga a tsakiya ana raba ta biyu, ƙasa da haka kuma akwai 'yar na'urar yanka ƙwaya da ake saidawa, na ruwa ba ko'ina ake samunsa a nan ba, don haka ki tambayi likitan tun yanzu yadda za ku yi da ƙananan adadin in an zo kansu.